Yadda ake amsa tambayoyin zaɓi a jarrabawar sauraro ta IELTS

Duk wanda ya taɓa gwada ɓangaren sauraro na IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci ga masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, ya san inda maki ke zubewa. Cike gurbi da ɗan sauƙi: an ce ka rubuta lambar waya ko sunan titi, ka kasa kunne, ka ji, ka rubuta. Amma da an zo inda aka jera A, B, C aka ce a zaɓi ɗaya, sai ka ga wanda ya yi digirinsa da Turanci yana zare ido. Dalili kuwa, sau da yawa duka ukun zai ji an taɓo su a cikin maganar. Ya ji A ya zaɓa, kafin ya ɗaga fensir an ambaci B, yana cikin gogewa an kawo C, kafin ya yanke shawara masu magana sun wuce tambaya ta gaba.

Abin da ake gwadawa a nan ya wuce kaifin kunne. Ana son a ga ko za ka iya bin magana har inda mai ita ya dire, ka bambance abin da ya faɗa a kan hanya da abin da ya tsaya a kai. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suka doru.

Fara da sanin fasalin jarrabawar

Jarrabawar ta haɗin gwiwa ce tsakanin British Council da IDP ta Ostareliya da Cambridge, kuma tun 1989 ake yin ta. Ɓangaren sauraro yana cin kamar minti 30, tambayoyi 40 ne, an kasa su huɗu, goma-goma. Kashi na 1 hira ce tsakanin mutum biyu kan harkar yau da kullum, kamar neman ɗakin haya. Kashi na 2 mutum ɗaya ne ke bayani, misali ɗan jagora yana zagayawa da baƙi a gidan tarihi. Kashi na 3 tattaunawa ce ta karatu, mutum biyu zuwa huɗu, galibi ɗalibai da malaminsu. Kashi na 4 lacca ce. Sau ɗaya tak ake kunna muryar, babu maimaici. Za ka ji bakin mutanen Ingila, na Ostareliya, na Niyu Zilan, na Amurka da na Kanada. Ko nau'in Academic (na masu neman karatun jami'a ko rajistar sana'a) ka yi rajista ko na General Training (na masu neman aiki ko ƙaura), sauraron iri ɗaya ne.

Tambayoyin zaɓi kan iya fitowa a kowane kashi, amma sun fi yawa a na 2 da na 3, kuma na kashi na 3 su ne masu ƙashi. Iri biyu ne: wanda za ka zaɓi harafi ɗaya cikin uku, da wanda za a ba ka jeri mai tsawo, misali A zuwa E, a ce ka zaɓi biyu.

Kowace amsa maki ɗaya ce, sannan a mayar da makin zuwa matakin sakamako da ake kira band, wanda ƙololuwarsa 9 ce. A ƙiyasin da masu jarrabawar ke bayarwa, 23 cikin 40 na kai mutum band 6, 30 na kai shi band 7, 35 kuma band 8, ko da yake lissafin kan ɗan motsa daga wannan zama zuwa wancan. Nas ɗin da ke son rajista da NMC, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, band 7 ake nema daga gare ta a sauraro. Likita mai neman rajista da GMC, hukumar likitocin Birtaniya, shi ma sai ya kawo aƙalla 7 a kowane ɓangare, sakamakon gaba ɗaya kuma 7.5. Ke nan tambaya goma kacal mutum yake da damar faɗuwa. Idan tambayoyin zaɓi kaɗai suka cinye shida, an shiga matsala.

Akwai dalilin da ya sa abin yake mana wuya, mu da muka yi makaranta a Najeriya. Takarda ta uku ta Turanci a WAEC, wadda ake kira Test of Orals, a rubuce muke yin ta. Ana tambayarka sautin wasali da gaɓar da ake dannawa a kalma, kana zaune shiru, ba ka ji muryar kowa ba. Ɗaliban Ghana a tasu WAEC ɗin ana kunna musu murya su saurara. Mu kuwa mun saba da objektif irin na JAMB, inda komai yana kwance a gabanka, ka karanta sau uku in ka ga dama. A IELTS tambayar ce kaɗai a kwance, amsar tafiya take yi. Don haka kada ka ɗauka Turancinka ne ya gaza. Aiki ne da ba a taɓa koya maka ba, kuma yana koyuwa.

Mataki na farko: ci moriyar shirun da ke gaban muryar

Kafin kowane rukunin tambayoyi za ka ji an ce kana da ɗan lokaci ka duba, misali, tambaya ta 21 zuwa ta 25. Lokacin bai da yawa, abin da bai wuce 'yan sakanni ba, kuma tambayoyin zaɓi sun fi kowaɗanne yawan rubutu. Tambaya biyar masu zaɓi uku-uku layi ashirin ke nan. Wanda ya fara daga sama yana karantawa kalma bayan kalma, murya za ta taso yana kan tambaya ta uku.

Ga yadda za ka yi. Ka fara karanta kan tambayoyin kaɗai, wato layin da ke sama da A, B, C, dukansu, ka tsallake zaɓuɓɓukan. A kowanne ka ja layi ƙarƙashin kalma biyu ko uku. Ɗaya ita ce kalmar da za ta sanar da kai an iso wannan tambayar: sunan wuri, sunan wani abu, shekara, abin da zai yi wuya a sauya masa suna. Ɗayar kuma ita ce kalmar da ta ƙayyade abin da ake nema. Wannan ta biyun ita mutane suka fi wucewa. Idan an rubuta *main reason*, to za a kawo dalilai da yawa, babban ake so. Idan an rubuta *agree* ko *both*, ra'ayin mutum ɗaya bai isa ba. Idan an rubuta *now* ko *at present*, za a ba ka labarin da da na gaba don a ruɗe ka. Haka *surprised*, *first*, *most difficult*. Sai kuma sunan wanda ake tambayar ra'ayinsa: na macen ake so, ko na namijin, ko na malamin?

Bayan ka gama da kawunan tambayoyi sai ka dawo kan zaɓuɓɓuka. Kada ka tsaya haddace su. Ka nemi abin da ya raba su, ka matse kowanne ya koma kalma ɗaya a ranka. Misali A maganar kuɗi ce, B maganar lokaci, C maganar nisa. Kuɗi, lokaci, nisa: wannan kai zai iya riƙewa yana kuma sauraro. Jimla uku masu tsawo ba zai iya ba. In ka fi sakewa da rubuta wannan kalma ɗaya da Hausa a gefen takardar tambaya, rubuta. Ba takardar tambaya ake dubawa ba.

Akwai inda ake samun ƙarin lokaci. A ƙarshen kowane kashi ana ba da ɗan lokaci a ce ka duba amsoshinka. A ganina, duba amsar tambayar zaɓi bayan murya ta wuce ɓata lokaci ne, domin ba ka da abin da za ka gwada ta da shi. Ka ɗauki wannan lokacin ka tsallaka kashi na gaba ka fara karatu. Wanda ya yi haka a ƙarshen kashi na 2 zai shiga kashi na 3 ya riga ya san abin da ke jiransa.

Mataki na biyu: sa ran za a sauya kalmomi

Amsar gaskiya ba kasafai take zuwa da kalmomin da aka rubuta a takarda ba. An rubuta *it was too expensive*, mai magana zai ce *we couldn't afford it* ko *it was way over our budget*. An rubuta *lack of time*, zai ce *the deadline was too tight*. An rubuta *local residents*, zai ce *people living in the area*. Tun kana karanta zaɓin ka tambayi kanka: in da baki za a faɗi wannan, yaya za a ce? Ko ba ka canki ainihin kalmomin ba, ka riga ka buɗe kunnenka ga ma'ana, ba ka ɗaure shi ga sauti ɗaya ba.

Akasin haka kuma abin lura ne. Idan ka ji kalmar da ke zaɓi na B ta fito ɓaro-ɓaro kamar yadda aka rubuta, kada ka yi murna tukuna. Wani lokaci amsar ce. Amma sau da yawa da gangan aka jefo ta, don a kama mai farautar kalma.

Mataki na uku: bi maganar har ta dire

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari mu ɗauki misali. Ni na tsara shi, amma a kan irin salon kashi na 3.

*Why did the student choose the river for her project?*
*A. It is close to where she lives.*
*B. Her tutor recommended it.*
*C. Little research had been done on it.*

Layi ya tafi ƙarƙashin *why*, *choose* da *river*. Zaɓuɓɓukan sun matse sun koma: kusa, malami, ƙarancin bincike. Sai murya ta taso. Namiji ya ce:

*So why the river? I suppose it's handy, living so near.*

Ɗalibar ta amsa:

*Well, I did live nearby in my first year, but I've moved since, so it's a long bus ride now. My tutor actually suggested the lake, because there's so much data on it. But that's what put me off. I wanted somewhere hardly anyone had looked at.*

Duba yadda aka shirya abin. A ta fara fitowa, amma daga bakin wanda ba shi ake tambaya ba, kuma zato yake yi. Ɗalibar ta ce eh, ta taɓa zama kusa, amma ta tashi. A ta mutu. Sai ga *tutor* da *suggested*, kunne ya yi tsalle zuwa B. Malamin ya ba da shawara, gaskiya ne, amma tafki ya ce, ba kogi ba. B ta mutu. Amsar ita ce C, kuma ka lura ko sau ɗaya ba a furta *little* ko *research* ba. Abin da aka ce shi ne wurin da kusan ba wanda ya duba.

Wanda ya saba ciniki a kasuwa ya riga ya san wannan. Mai kaya ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya rage. An ambaci farashi huɗu ko biyar, amma ɗaya ne na gaskiya, wanda aka ce “na sallama” a kansa. Wanda ya ji farashin farko ya juya ya tafi, labarin da zai kai gida ba daidai ba ne. Haka za ka saurari kowace tambaya: kana jin ana taye-taye, kana jiran sallamawa.

Akwai ƙananan kalmomi da ke nuna an kusa juyawa. *But, however, actually, in fact, although, mind you, having said that, in the end, on second thoughts.* Da ka ji ɗaya daga cikinsu, abin da ya gabata yana cikin haɗari, abin da ke tafe shi ne mai nauyi. Haka kalmomin lokaci: *used to* da *originally* suna nufin abin ya wuce, *we're hoping to* da *there are plans to* suna nufin bai faru ba tukuna. Idan tambayar a kan abin da ake yi yanzu take, duka biyun ba naka ba ne.

Tarkon da ya fi wahalar da mutanenmu, a nawa ganin, shi ne na yarda da ƙin yarda, domin Bature, musamman na Ingila, ba ya cika cewa a'a kai tsaye. Ga wani misalin. Tambaya ta ce me ɗaliban biyu suka yarda ya fi wuya: A samun waɗanda za a yi wa tambayoyi, B nazarin sakamako, C rubuta rahoto.

Namijin ya ce: *Finding people to interview was a nightmare.*
Macen ta ce: *Really? Mine all said yes straight away. It was making sense of the figures that took me ages.*
Namijin ya ce: *Oh, tell me about it. I was up all night with those.*

Wannan *really?* da aka ɗaga murya a kanta ƙin yarda ce, ta kashe A. *Tell me about it* kuma ba cewa yake ta ba shi labari ba. Cewa yake ai ni ma na ɗanɗana. Amsa B. Ka haddace irin waɗannan tun a gida. *I couldn't agree more* yarda ce ɗari bisa ɗari, duk da akwai korewa a ciki. *You can say that again* ma yarda ce. *I'm not so sure*, *I wouldn't say that*, *you've got a point, but* da *up to a point* duk hanyoyin zamewa ne cikin ladabi. Idan wani ya kawo shawara, kada ka zaɓa sai ka ji abin da abokin maganarsa ya mayar.

Sai ƙananan sautuka masu juya ma'ana. *Hardly*, *rarely* da *barely* korewa ce, ko da yake babu *not* a ciki. *Can* da *can't* a bakin Ba'amurke suna da kusanci ƙwarai. Wadda aka ja aka danna galibi ita ce korewar, ɗayar kuwa a guje take wucewa. A lambobi kuma akwai *thirteen* da *thirty*, *fifteen* da *fifty*. A nan Bahaushe yana da abin da zai taimake shi, domin kunnenmu ya saba raba dogon wasali da gajere. Ƙarshen *thirteen* dogo ne kuma a nan nauyin yake. *Thirty* nauyinta a farko yake, ƙarshenta gajere. Ka saurari tsawon, kada ka jira sai ka ji *n* ɗin ƙarshe.

Mataki na huɗu: fensir na aiki, ido na gaba

Kana sauraro kana sa alama a gefen zaɓuɓɓuka. Wanda aka kashe ka sa masa ɗan giciye. Wanda ka ji kamar shi ne amma ba a dire ba, ka sa ɗigo. Wanda ya tabbata ka kewaye harafinsa. Amfanin giciyen babba ne: wani lokaci ba za ka ji amsar gaskiya sosai ba, amma ka ji an kashe biyu, wadda ta rage ita ce. Kada ka tsaya neman kilina kana gogewa murya na tafiya. Ka soke ka wuce.

Tambayoyi suna bin tsarin maganar: amsar ta 22 tana zuwa kafin ta 23. Zaɓuɓɓukan da ke cikin tambaya ɗaya ne ba su da tsari, ana iya fara taɓo C kafin A. Saboda haka kana kan ta 22, wutsiyar idonka na kan kalmar da ka ja wa layi a ta 23. Da ka ji ta, ko ka ji irin su *moving on to*, *what about*, *now, as for*, to an tashi daga ta 22, ko ka amsa ko ba ka amsa ba.

A nan sai ka taurare zuciya. Tambayar da ta wuce ta wuce. Ka kewaye wanda ya fi kwanta maka ka bi masu magana. Mafi yawan waɗanda ke zubar da maki huɗu ko biyar a jere ba don tambayoyin duka sun fi ƙarfinsu ba ne. Ɗaya ce ta kuɓuce, suka tsaya jimaminta, sauran suka bi ta. Idan kuma ka ɓace gaba ɗaya, ba ka san inda ake ba, kada ka koma baya kana lalube. Ka sa ido kan tambayoyi biyu na gaba ka jira kalmar ɗaya daga cikinsu. A kashi na 1 zuwa na 3 akwai ɗan hutu a tsakiya inda ake faɗin lambobin tambayoyin da ke tafe, nan za ka sake kama hanya. Kashi na 4 ba a ba da irin wannan lokacin karatu a tsakiyarsa, don haka a karanta tambayoyinsa goma tun farko.

Idan aka ce zaɓi biyu

Za ka ga an rubuta *Choose TWO letters, A to E*, kuma tambayar ta ci lamba biyu, misali 11 da 12. Kowane harafi makinsa daban, don haka ko ɗaya ka samu ka tsira da maki ɗaya. Ba a damu da wanda ka fara rubutawa ba. Yawanci duka biyar ɗin za a taɓo su, kuma ba a jere ba. Misali an tambayi abubuwa biyu da ke cikin kuɗin yawon buɗe ido: abincin rana, mota, littafin jagora, inshora, tikitin shiga. Za ka ji an ce abinci kowa ya zo da nasa, littafi ana sayarwa a bakin ƙofa, inshora an daina haɗawa tun bara. Hanyar da ta fi ita ce ka bi su ɗaya bayan ɗaya da giciye, kana yanke wa kowanne hukunci lokacin da aka ambace shi, maimakon ka zauna jiran biyu masu kyau su bayyana kansu.

Mataki na biyar: kada ka bar gurbi

Ba a rage maki don an yi kuskure. Wanda ya bar gurbi ya yi asara a banza. Idan ka kashe zaɓi ɗaya cikin uku, canka tsakanin biyun da suka rage rabi da rabi ne. Idan ba ka da wata madafa, ni na fi karkata ga barin zaɓin da na ji kalmominsa sak, in ɗauki ɗayan. Wannan dabarar ƙarshe ce ta wanda ya rasa yadda zai yi, ba doka ba ce.

Inda har yanzu ake yin jarrabawar a takarda, ana ba mutum minti 10 a ƙarshe ya kwashe amsoshi zuwa takardar amsa. Harafi kawai ake so, A ko B ko C, ba jimlar ba. Ka riƙa duba lamba kana kwashewa, domin tsallake layi ɗaya na iya gurɓata duk abin da ke ƙasa. A tambayar zaɓi biyu, kowane harafi a gidansa, ɗaya a 11, ɗaya a 12. Mai yi a kwamfuta kuwa minti 2 kacal yake da su na dubawa, tunda yana sauraro yana latsa amsa. Don haka shi ba shi da “zan dawo daga baya”. Ya latsa wani abu kafin ya wuce, in ya so ya sauya.

Atisaye a gida: inda ake cin jarrabawar

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yi gwaji bayan gwaji, ya duba amsa, ya ce yau 24, gobe 26, jibi 23, ya rufe littafi. Wannan awo ne kawai, ba koyo ba ne. Makin ba zai tashi ba sai an zauna da kowane kuskure an gano daga ina ya fito.

Ka samo gwaje-gwaje na asali: littattafan gwaji masu lamba da Cambridge ke fitarwa, waɗanda ke da rubutun duk maganar a baya, da kuma gwajin kyauta da ke shafin British Council da na IDP. Yawancin abin da ake zubawa a YouTube da sunan IELTS ba masu jarrabawar ne suka tsara ba, kuma tarkunansu ba su kai na gaske tsari ba. Ka sauke muryoyin a waya lokacin da kake da data da caji, don kada rashin wuta ya tsayar da kai.

Sai ka ɗauki kashi ɗaya kawai, a ce na 3. Ka yi shi kamar a zauren jarrabawa, sau ɗaya, ba tsayarwa. Kada ka duba amsa. Ka sake kunnawa, wannan karon kana tsayarwa yadda kake so, ka ga ko za ka sauya wata amsa, ka rubuta sabuwar da wani launi. Yanzu ka duba amsoshin. Bambancin da ke tsakanin zagaye na farko da na biyu zai gaya maka abu mai muhimmanci: in a na biyu ka gyara, matsalarka sauri ce da natsuwa, in ko a na biyu ba ka gane ba, matsalar kalmomi ce ko lafazi.

Daga nan ka buɗe rubutun maganar. Ga kowace tambaya, har wadda ka ci, ka nemo layin da ya ba da amsa, ka rubuta yadda aka sauya kalmomin: a takarda an ce kaza, a baki an ce kaza. Sannan ka nemo inda aka kashe sauran zaɓuɓɓukan biyu, ka faɗa wa kanka dalili: wannan a da ne, wannan wani ne ya faɗa, wannan an ƙi yarda da shi. Wannan aikin yana cin lokaci fiye da gwajin kansa, amma shi ne ke sa bayan 'yan makonni ka fara hango tarko tun kafin a gama ɗana shi.

Ka ware littafi guda na kurakurai, kowane kuskure ka rubuta irinsa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. In ba ka gama karanta tambaya ba murya ta taso, atisayenka na saurin karatu ne: ka sa agogo, sakan 30, ka ga tambaya nawa za ka iya ja wa layi. In kalmar ce ba ka sani ba, ta shiga jerin haddarka tare da 'yan'uwanta masu ma'ana ɗaya. In ka san kalmar a rubuce amma ba ka gane ta a baki ba, ka maimaita wannan layin kana bin mai maganar da bakinka har sautin ya zauna. Turawa suna haɗiye kalmomi, *would have* ta koma kamar kalma ɗaya, kuma sai bakinka ya iya kafin kunnenka ya saba. In kuwa ka ji komai amma ka yi saurin zaɓa, to haƙuri za ka koya: ka hana kanka kewaye harafi sai mai magana ya kai ƙarshen zancensa.

Bayan gwaji, kunne na buƙatar abincin kullum. Shirin 6 Minute English na BBC Learning English gajere ne, mutum biyu ne ke hira, kuma akwai rubutunsa. Ka haɗa da rediyon ABC na Ostareliya, domin bakinsu ne ya fi baƙunta a kunnenmu. Wasalin da ke *day* da *late* a wurinsu yakan karkata ya yi kama da na *die* da *light*. Kana sauraro ka riƙa tsayarwa kana tambayar kanka: me wannan ya tsaya a kai, ɗayan ya yarda ko bai yarda ba? Minti ashirin kullum da irin wannan natsuwar ya fi awa uku na fim ana karanta fassara a ƙasa.

In a kwamfuta za ka yi, to atisayenka ma ya zama a kwamfuta, aƙalla a makonnin ƙarshe. Ja layi da fensir daban, haskaka kalma da linzamin kwamfuta daban, kuma ba ranar jarrabawa ake koyon sa ba. Akwai gwajin sabawa da tsarin kwamfutar kyauta a shafukan masu jarrabawar.

Ranar jarrabawa

Tun kafin ranar ka tambayi cibiyarka ko da hedifon ake sauraro ko da lasifika, ka yi atisayen ƙarshe da irinsa. Idan an ba ka hedifon, ka gwada shi lokacin da aka ce a gwada, ka daidaita ƙarar yadda ta yi maka. In akwai matsala ka ɗaga hannu nan take, kafin a fara. Bayan murya ta taso gyara ya yi wuya. Ka karanta umarnin kowane rukuni ko da ka ga kamar ka san shi, domin a nan ne za ka ga ko harafi ɗaya ake so ko biyu.

Idan sakamako ya fito sauraro ne kaɗai ya gaza, akwai tsarin One Skill Retake, wanda ke ba wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta damar sake ɓangare ɗaya cikin kwana 60 daga ranar da ya zauna ta farko. Kafin ka biya kuɗinsa ka tabbatar cibiyarka tana yi, kuma makaranta ko hukumar da za ka kai wa sakamakon tana karɓar irinsa, domin ba duka ke karɓa ba.